Kambas ɗin Noemi da ya ƙi fita

Eh, ni ce. Wadda kuka gani a bidiyon nan cikin koriyar riga, ta saɓa yarinya a kafaɗa, baki buɗe kamar an ce mata tukunyarta ta ƙone, ni ce Yareli. Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba. Har wata da muka yi firamare tare, wadda ta shekara shida ba ta neme ni ba, ta turo min wai "ke ce kika liƙe ƙanwarki?" To ni ce. Amma wanda ya ɗauki bidiyon ya yanke shi daidai inda Kaka ya faɗi zaune, alhali abin da ya biyo baya shi ne labarin. Ku gyara zama. 'Yata Paloma ta yi barcin rana, ina da kamar awa ɗaya kafin ta tashi ta fara neman abin da za ta cusa a hanci.

Ranar da aka zauna a tsakar gidanmu rabon hidimar bikin cikar ƙanwata Noemi shekara sha biyar, kowa ya ɗauki nasa kamar yadda aka saba. Kawu Fermin ya ɗauki kiɗa. Maƙwabciyarmu ta ɗauki kek. Goggo Ofelia, ƙanwar marigayi Babanmu, ba ta ma bari an gama karanto jerin ba ta ɗaga hannu ta ce takalmi mai tsini nata ne, kar wanda ya ko kalle shi. Ni kuwa Mama ta dube ni, ta dubi Paloma da ke tauna bakin labule, ta ce in ɗauki kambas. Wato takalmin da yarinya za ta shigo da shi a ƙarƙashin riga ba mai ganinsa, sai lokacin da za a durƙusa a cire mata shi a sa mata mai tsini, a ce yau ta zama budurwa. Takalmin da aikinsa ɗaya, a cire shi.

Goggo Ofelia ta dafa kafaɗata. "Wannan kam ko ke ba za ki iya ɓata shi ba."

Na yi murmushi na ce na gode Goggo. A raina kuwa na ce za ki gani. A nan León, garin da kowane gida akwai mai yankan fata ko mai ɗinki ko mai liƙa tafi, a ce ni kaɗai ce ba a yarda da hannuna ba don na tsaya a aji biyu na sakandare? Na ƙudurta ranar da aka ɗaga gefen rigar nan, ba wanda zai tuna akwai wani takalmi mai tsini a duniya.

Sai na gaya muku zancen Chebo kafin in ci gaba. Sunansa Eusebio, amma ko mahaifiyarsa Chebo take ce masa. Aikinsa liƙa tafin takalmi a wani shago bayan kasuwar fata. Dogo ne siriri, kullum yatsunsa rawaya, in ya wuce ƙamshin gam ɗinsa sai ya yi minti biyu kafin ya bi shi. Wata takwas yana zuwa ƙofar gidanmu da yamma, Mama ba ta taɓa ce masa shigo ba. Ni ina ciki, shi yana waje, ƙarfen ƙofa a tsakaninmu kamar an kai wa ɗan kurkuku ziyara.

Ban ga laifin Mama sosai ba. Baban Paloma mai zaƙin baki ne, har jita ya taɓa kawowa ya yi wa Mama waƙa ranar haihuwarta, ta yi ta hawaye tana zuba masa abinci. Ya ce zai tsallaka iyaka ya leƙa ƙasar da ke arewa da mu neman kuɗi, wata uku ya dawo. Yanzu Paloma shekararta biyu da rabi. Tun daga nan Mama ta rantse ba namijin da zai sake taka tabarmar ƙofarta da sunan yana sona. Da na roƙe ta Chebo ya zo biki, ta ce titi na kowa ne, ya zo, amma a teburin ƙarshe zai zauna kusa da robobin zoɓo. Sannan ta ƙara da abin da ya hana ni cin abinci ranar.

"In an gama biki ki sallame shi. Ya daina cinye min dakalin ƙofa."

Shi kuma bawan Allah aibinsa ɗaya, doguwar magana, kuma duk a kan gam. Ka tambaye shi ya aiki, sai ya faro maka daga yadda ake kankare tafi. Saƙon muryarsa ba ya gaza minti uku. Ni kuwa da yarinya a hannu da tukunya a wuta, saƙo in ya wuce rabin minti na ji abin da zan ji.

Na sayo farin kambas lamba ashirin da uku, da fenti ruwan hoda mai duhu irin launin rigar, da duwatsun ado ƙulli huɗu, da lu'ulu'un roba, da zaren siliki mai faɗi da zan sa a madadin igiya. Na shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin cin abinci na fara. A gefe na zana malam-buɗe-littafi guda uku-uku. Kaka Nabor, mahaifin Mama, ya sa tabarau ya duba ya ce jemagun sun yi kyau. Na goge na sake. A karo na uku ya ce yanzu dai sun zama jemagu masu ladabi, na bar su haka. A baya na rubuta NOE a ƙafar hagu, MI a ta dama. Da tsinken sakace nake ɗaukar duwatsun ɗaya-ɗaya, har idona ya fara ganin ƙyalli a cikin miya. Rana ta biyu lu'ulu'u ɗaya ya ɓace, muka same shi a hancin Paloma. Kaka ya shaƙa mata garin barkono ta yi atishawa, lu'ulu'un ya bugi firij, na wanke shi na liƙa a ƙafar dama. Yana nan har yau.

Matsalar gam ɗin kanti ce. Na gama ƙafa ɗaya, na ɗaga na girgiza, sai ga duwatsu suna zuba kamar ana tankaɗe. Na zauna a ƙasa na rubuta wa Chebo: "Gam ɗina ba ya kamawa. Zan mutu." Ya amsa: "Kar ki mutu. Gobe."

Washegari ya miƙo min 'yar kwalba ta tsakanin ƙarfen ƙofa, gam rawaya mai kauri kamar zuma, irin na wurin aikinsu. Ya buɗe baki zai fara bayani Mama ta yi tari daga kicin, ya ce zai turo saƙo. Ya turo. Minti uku da daƙiƙa arba'in da bakwai. Na danna, na ji "ki shafa kaɗan-kaɗan, ki buɗe taga, kar Paloma ta matso," sai ga Paloma ta jawo kwandon tortiya, wainar masarar nan tamu, a kanta. Na ajiye waya. Ai na gane, shafawa ce da buɗe taga.

Jama'a, gam ke nan. Dutsen da na ɗora, ko da haƙori ba ya fita. Daɗi ya kwashe ni. Na shafa wa zaren silikin don ƙullin ya tsaya cak kamar na hoto. Sannan na yi abin da ban gaya wa kowa ba sai Noemi. Na ɗauko fatar da Baba yake ɗaurawa a gaba in yana aiki, wadda take rataye a bayan ƙofa tun rasuwarsa, na yanki gefenta daidai tafin ƙafa guda biyu, na liƙa a cikin takalman. Tunda ba shi zai durƙusa ya cire mata ba, ai ya raka ta. Da na ga fatar ta dushe, sai na bi samanta da gam ɗin don ta yi sheƙi, na bi gefe-gefen ciki ma har dunduniya. Na bar shi kwana biyu a taga. Na taɓa na ji ya bushe ƙarau kamar gilashi.

A kwanakin nan ne Chebo ya canja min. Kullum in ya zo sai ya riƙe ƙarfen ƙofa ya tambaye ni ko na ji saƙonsa. In ce na ji mana, na gode, gam ɗin ya yi kyau. Sai ya tsaya yana kallona kamar akwai saura. In ce masa lafiya? Ya ce lafiya, ya tafi yana jan ƙafa. Kwana takwas ana haka, har wuyansa ya ƙara tsawo. Ni kuma na ɗauka ya ji ƙishin-ƙishin za a sallame shi ne, sai in koma ɗaki in rungume kambas in yi ta tausayin kaina.

Ranar Asabar aka yi biki, kuma kun san zafin watan Mayu. Noemi ta sa doguwar safar nan mai kaiwa har ƙugu, ta zura kambas, na ɗaure mata ƙulli da hannuna. Aka je coci da tsakar rana. Aka fito aka taka a ƙasa layi huɗu ana hotuna, kwalta tana tururi. Aka dawo rumfar da aka kafa a titinmu, ta yi rawa da 'yan rakiyarta har sau uku. Da ta zo shan zoɓo ta raɗa min, "Yaya, takalmin nan kamar rungume ni yake."

Na ce, "Baba ne." Har da 'yar ƙwallata.

Wajen ƙarfe biyar aka ajiye kujera a tsakiya. Mai kiɗa ya sa mai sanyi. Kaka Nabor, shekara saba'in da takwas, wanda ya yi mako guda yana gwajin durƙuso a gefen gado, ya tako a hankali ya sauke gwiwa ɗaya. Goggo Ofelia ta tsaya a gefensa da takalmi mai tsini a kan matashi, tana juya shi don haske ya buga. Noemi ta ɗaga gefen riga.

Wannan daƙiƙar kam ba mai ƙwace min ita. Rana ta bugi duwatsun, rumfa ta ɗauki "ahh" gaba ɗaya. Wata mata ta tambayi a wane shago aka yi. Goggo ta dubi matashinta ta gyara masa zama.

Kaka ya ja bakin zaren. Bai motsa ba. Ya sake ja. Ya sa farce, ya sa haƙoransa biyu da suka rage. Ya haƙura da ƙullin ya kama dunduniya ya ja, sai Noemi ta taho gaba ɗayanta, ita da kujera. Kawu Fermin ya zo ya riƙe kujerar ta baya. Wata 'yar rakiya ta riƙe Noemi ta ƙugu. Kaka ya tofa yawu a hannu, ya ce a shekara hamsin ba takalmin da ya taɓa gagarar sa, ya ja da ƙarfinsa duka, hannunsa ya zame, ya faɗi zaune daɓas. Nan bidiyonku ya ƙare.

Mai kiɗa ya maido waƙar daga farko. Kafin ka ce me, duk wani mai sana'ar takalmi a rumfar, wato kowa, ya taso ya kewaye ƙafar ƙanwata. Wani tsoho ya sunkuya ya sansana, ya miƙe ya ce gam ɗin tafi ne, kuma an tashe shi. Kowa ya gyaɗa kai yana kallona da tausayi. Ashe irin wannan gam in ya bushe barci kawai yake, zafi ke tashinsa ya kama. A shago da wuta suke gasa shi kafin su danna tafi. Ni kuwa na ba shi kwaltar Mayu da rawa uku da nauyin mutum. Yaron goye ma a garin nan ya san haka, ban da ni.

Shawara ta fara zuba. Wani ya ce kananzir, wani ya ce a tsoma ta a ruwan ƙanƙara, Kawu ya ce a ɗora mai tsinin a kan kambas ɗin a wuce wurin. Goggo Ofelia ta buɗe jaka ta zaro almakashi, fuskarta fal farin ciki, ta ce a matsa mata.

Noemi ta janye ƙafafunta ƙarƙashin kujera. "Ba mai yanka min. Baba yana ciki."

Na matsa na gaya wa Mama zancen fatar a kunne. Ta dubi takalman, ta daɗe tana dubansu, sannan ta miƙa hannu ta karɓe almakashin daga hannun Goggo ta sa a aljihunta.

Sai ga Chebo ya taso daga can wajen robobin zoɓo, kofinsa ma bai tuna ya ajiye ba. Ya tsaya nesa kaɗan ya cire hula, ya kira Mama da sunanta na girmamawa.

"Doña Chayo, in kin ba ni izini, zan fitar da ƙafar ba tare da na taɓa fatar ba."

Mama ta kalle shi sama da ƙasa ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Ya ce a kawo masa abin busar da gashi da kwali. Aka ruga shagon kitson da ke tsallake aka ɗauko, mai kiɗa ya ba da doguwar waya. Ya kare idon sawun Noemi da kwalin, ya hura wa ƙullin zafi a hankali har ya yi laushi, ya warware shi da yatsa biyu, ko dutse ɗaya bai faɗi ba. Ya ce gam ɗin safa ya kama, ba ƙafa ba, don haka safar za a bar masa. Ya zaro 'yar wuƙar aikinsa, ya miƙa wa Mama ta wajen ƙota, ya juya baya yana kallon kek har ta gama zagaye safar a idon sawu. Sannan ya ɗago Kaka ya maido shi kan gwiwarsa, ya ɗora hannun tsohon a dunduniyar takalmin, shi kuma ya ɗauki kofinsa daga ƙasa ya ja da baya.

"Kaka Nabor, aikinka ne."

Kaka ya ja da yatsa biyu, ƙafa ta fito sumul, safa ta zauna a ciki. Ya ɗaga takalmin sama kamar shi ya kamo shi a daji. Aka yi tafi, aka sa mai tsini, Noemi tana kuka tana dariya.

Na ɗauka an gama. Sai Mama ta juyo, ba ta ɗaga murya ba. "Wa ya kawo gam ɗin tafi gidana?"

Chebo ya ce shi ne, kuma laifinsa ne, bai yi bayani yadda ya kamata ba. Goggo ta ce ai da ma ta faɗa. Na ga Mama ta ja numfashi irin na sallama, na ga wuyan nan nasa da ya rame, sai na ji ba zan iya ba. Na ce ƙarya yake, ya yi bayani, ni ce ban ji saƙon har ƙarshe ba. Goggo ta ce rufa masa asiri nake, in da gaske ne a ji saƙon. Na fito da waya. Kawu Fermin ya ce hayaniya ta yi yawa, ya karɓa ya miƙa wa mai kiɗa, aka jona da lasifika.

Chebo ya ce, "A'a, don Allah, ba sai an..." Ya juya zai gudu, amma Kaka, da har lokacin bai samu mai tashinsa ba, ya riƙe masa ƙafar wando.

Muryarsa ta cika titi. A shafa kaɗan. A buɗe taga. A waje kawai, kar a kuskura a sa a ciki. Kar a yarda da bushewarsa, zafi na tashinsa. Ya maimaita wannan sau uku. Duk rumfa ta juyo tana kallona, ni kuma ina kallon hancin Paloma. Ya yi bayanin buroshi. Ya yi bayanin murfin kwalba. Sai aka ji ƙarar injin shagonsu, ya yi gyaran murya.

"To shi ke nan zancen gam. Saura ɗaya. Yareli, ni ban iya magana mai daɗi ba, kin sani. Ina so in aure ki. Ba inda za ni, ko motar awa ɗaya na shiga amai nake. Paloma lamba sha huɗu take sawa, na auna da ido, wata shida za ta shiga sha biyar, ina so in zama ni zan riƙa lura da wannan. In kin yarda ki gaya min in zo in samu Doña Chayo. In ba ki yarda ba, ki dai rufe kwalbar da kyau."

Saƙo ya ƙare. Ba wanda ya motsa. Kwana takwas mutumin nan yana tambayata ko na ji, ina ce masa gam ya yi kyau.

Mama ce ta fara magana. Ta ce Baban Paloma da "ina son ki" ya fara, bai kai ƙarshen komai ba. Wannan kuwa sai da ya gama aikin da ke gabansa.

"Fermin, ɗauko masa kujerarsa. Nan kusa da ni. Kai kuma ajiye kofin nan, ka ɗaga min mahaifina daga ƙasa."

Ni ban ba shi amsa a rumfar ba, ai ni ma ina da aji. Jiya Lahadi da hantsi na zauna na yi masa saƙon murya na minti biyar cif. Na faro daga yadda ake jiƙa wake, na bi ta kan zanen jemage, na ba shi tarihin hancin Paloma, sai a daƙiƙa uku na ƙarshe na faɗi abin da zan faɗa. Minti goma sha biyar bayan nan na ji ana taɓa ƙarfen ƙofa. Har ƙarshe ya ji.

Mama da kanta ta zare sakata ta ce, "Shigo."

Ya tsaya a kan dakalin nan nasa na wata takwas, ya ɗaga ƙafa ya mayar, ya sake ɗagawa ya mayar. Kaka ya leƙo daga kujerarsa ya ce a ɗauko abin busar da gashi, wannan ma ya kama.

Yanzu kambas ɗin yana kan talabijin, da safarsa a ciki, Mama tana goge masa ƙura da kanta. Goggo Ofelia ta riga ta sanar takalmin amarya nata ne, mai tsini, kar wanda ya ko kalle shi. Na ce na gode Goggo. A ƙarƙashin gadona kuwa akwai farin kambas lamba ashirin da huɗu da ƙullin duwatsu shida. Mama ta ɓoye kwalbar gam, amma Paloma ta ga inda aka sa, kuma da alewa ɗaya ake sayen ta.

Ga ta can ta fara motsi. Don Allah duk wanda ya turo muku guntun bidiyon nan, ku mayar masa da wannan, ku ce na ce ya karanta har ƙasa. Ku tura wa kowa da kowa. Ban da Goggo Ofelia.